Darasi: Jinin Majiyyaci da Maganin Sakin Tsoka a Ɗakin Tiyata

Masu jinya da ke zaman jira a barandar asibiti, idan an shiga da ɗan'uwansu ɗakin tiyata, cewa suke yi an yi masa allurar barci. A bakinsu allura ɗaya ce. A hannun mai sa barcin kuwa magunguna ne iri uku. Ɗaya yana gusar da hankali, ɗaya yana kashe zafi. Na ukun yana sakin tsokar jiki ta yi laƙwas, yadda za a iya zura bututu a maƙogwaro, likita kuma ya buɗe ciki ya yi aikinsa ba tare da naman ciki yana ɗaurewa yana turo masa hanji ba. A kan wannan na ukun darasinmu zai tsaya. Tsokar da mutum ke jan numfashi da ita ma tsoka ce, kuma maganin ba ya tsallake ta. Da zarar ya kama jiki numfashi ya tsaya cik, sai dai wani ya yi wa majiyyacin.

Da nauyin mutum ake auna wannan magani. To amma a ɗauki manoma biyu, ɗaya daga Gagarawa ɗaya daga Sule Tankarkar, kowannensu kilo 60, a yi musu allura iri ɗaya awo ɗaya. Na farko bayan minti 5 zuwa 10 ya fara jan numfashi da kansa. Na biyu ana iya shafe awa 2 ana yi masa. Babu wanda ya yi kuskuren awo. Bambancin yana cikin jininsu, a wasu abubuwa da ake kira furotin, waɗanda yawancinsu hanta ce ke ƙera su.

Inda maganin ke tare hanya

Kafin ka ɗaga hannu, ƙwaƙwalwa ce ke aika saƙo ta jijiya. Jijiyar ba ta manne da tsoka, akwai ɗan rata tsakaninsu da ido ba ya gani. Idan saƙo ya iso bakin jijiya sai ta saki wani sinadari mai suna asetilkolin, ya tsallaka ratan, ya sauka a wasu gurabe da ke jikin tsoka, tsokar ta ɗaure. Waɗannan gurabe maganin sakin tsoka yake zuwa ya mamaye. Ƙwaƙwalwa lafiya lau, jijiya lafiya lau, tsoka ma babu abin da ya same ta, saƙon ne kawai ba ya ƙetarawa. Wani masani Bafaranshe, Claude Bernard, shi ya nuna haka a jikin kwaɗi a shekarun 1850.

Asalin maganin dafin kibiya ne. Mafarautan dazukan Amurka ta Kudu suna dafa wasu itatuwa masu yaɗo su sami wani baƙin abu mai danƙo da ake kira kurare, su shafa a tsinin kibiya. Biri ko tsuntsu in an harbe shi sai jiki ya mutu masa ya faɗo. Namu mafarautan na da da kwankwani suke haɗa dafi, amma shi zuciya yake tsayarwa, aikin biyun ba ɗaya ba ne.

A 1814 a Landan, wani Bature mai suna Charles Waterton da abokan aikinsa suka sa wa wata macen jaki kurare, ta zube kamar ta mutu. Sai suka huda maƙogwaronta, suka cusa bakin zugazugi, suka yi ta hura mata iska na tsawon sa'o'i. Dafin ya fita daga jikinta, ta miƙe, ta ƙara shekara 25 a duniya. Duk ilimin da ke cikin wannan darasi a kan wannan gwaji ya ginu: maganin ba ya kisa da kansa, rashin numfashi ne ke kisa.

Sai ranar 23 ga Janairu, 1942, a birnin Montreal na Kanada, Harold Griffith da Enid Johnson suka yi amfani da tataccen kurare a kan wani saurayi da ake cire wa afendiks. Likitocin fiɗa suka yi murna, magani ya bazu ko'ina. Murnar ta ɗan koma ciki a 1954, lokacin da Beecher da Todd suka bi diddigin aiki kusan 600,000 a asibitocin jami'o'in Amurka, suka ga mace-mace sun ninka kusan sau 6 a cikin waɗanda aka ba maganin. An yi ta ba da shi ba tare da an riƙe wa mutane numfashi yadda ya kamata ba, ana kuma mayar da su ɗakin jinya da sauran maganin a jiki.

Yau kurare ya ja baya, wasu sun gaje shi. Akwai mai saurin kamawa da saurin saki, suksametoniyam, wanda aka fara amfani da shi a 1951, ma'aikatan tiyata suka fi saninsa da Scoline. Cikin minti guda ya kama, za ka ga fatar ido da yatsu suna ɗan karkarwa, sai jiki ya saki. Akwai kuma masu daɗewa daga rabin awa zuwa sama da awa guda, irin su pankuroniyam, bekuroniyam, rokuroniyam da atirakuriyam.

Abin da ke cikin ruwan jini

Babban mutum yana da jini kimanin lita 5. Idan ma'aikacin ɗakin gwaji ya ɗebi kaɗan a 'yar kwalba ya juya ta a inji, jan yana kwantawa ƙasa, sama kuma sai ka ga wani ruwa garai-garai mai launin ruwan ɗorawa. Wannan ruwan ya ɗan fi rabin jinin yawa, kuma a kowace lita tasa akwai furotin giram 60 zuwa 80 a narke.

Fiye da rabin wannan furotin albumin ne, giram 35 zuwa 50 a lita. Hanta ce ke yin sa daga abin da muka ci na gina jiki: wake, gyaɗa, nono, ƙwai, kifi, nama. Shi ke riƙe ruwa a cikin hanyoyin jini. Idan ya yi ƙaranci ruwan ya tsiyaye zuwa cikin nama, ƙafa ta kumbura, ciki ya cika. Duk wanda ya taɓa danna ƙafar yaro mai tamowa ya ga yatsansa ya bar rami, ya ga ƙarancin albumin da idonsa.

Na biyu su ne gulobulin, kuma a cikinsu akwai gama gulobulin, sojojin da jiki ke ƙerawa don yaƙi da cuta. Waɗannan ba hanta ke yin su ba, fararen ƙwayoyin jini ne. Duk wanda jikinsa ya sha gwagwarmaya da cututtuka za a same su da yawa a jininsa. A 1957, Joseph Chike Edozien, likita a Ibadan wanda daga baya ya zama Asagba na Asaba, ya auna jinin lafiyayyun 'yan Najeriya ya ga gama gulobulin ɗinsu ya ɗara na Turawa. Binciken da aka yi a Gambiya a waɗannan shekaru ya nuna zazzaɓin cizon sauro na da hannu a ciki, don yaran da aka kare daga zazzaɓin nasu bai kai na sauran ba.

Na uku ɗan kaɗan ne ƙwarai, amma a ɗakin tiyata ya fi sauran tasiri. Za mu zo kansa.

Furotin masu riƙe magani

Idan aka tura magani a jijiya, wani kaso nasa yana maƙalewa a jikin albumin da gulobulin, wani kason yana yawo a sake. Wanda ya je kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya san bambancin saniyar da ke ɗaure a turke da wadda ta tsinke igiya: duka suna cikin kara, amma ta saken ce ke isa inda ta nufa. Haka magani yake. Na saken ne ke fita daga jini ya kai ga tsoka.

Daga nan likitoci suka yi tunani mai ma'ana: mai furotin da yawa zai riƙe magani da yawa, ke nan sai an ƙara masa, mai ƙarancin furotin kuma kaɗan zai ishe shi. A 1953 a Liverpool ta Ingila, Dundee da Gray suka lura masu ciwon hanta ba sa jin kurare da wuri. A 1968 Anis Baraka da abokin aikinsa Gabali suka ba da rahoton cewa yawan kuraren da mutum ke buƙata yana tafiya da yawan gama gulobulin ɗinsa. A 1971 Stovner da abokansa a Norway suka ci gaba da wannan awo a kan magunguna daban-daban.

Da aka sami na'urorin da suka fi daidaito, sai aka ga maganar ba ta kai yadda aka ɗauka ba. Mai ciwon hanta yana riƙe maganin a furotin ɗinsa kusan daidai da mai lafiya. Abin da ya bambanta shi shi ne ruwan da ya taru a ciki da ƙafafu. Maganin yana bazuwa a cikin wannan ruwa ya tsinke, shi ya sa awon farko ba ya isa. Sannan kuma, da yake hanta da ƙoda ne ke fitar da yawancin waɗannan magunguna, abin da aka ƙara ɗin sai ya ƙi fita. Da farko mutum ya zama mai taurin jin magani, a ƙarshen aiki ya zama mai nauyin tashi. Mai sa barcin da bai san wannan ba shi ne zai yi ta ƙari tun da fari, ya zo yana neman mafita daga baya.

Wannan ba ya nufin awon albumin aikin banza ne. Maganin sa barci irin tayofenton kusan kashi 80 cikin 100 nasa a jikin albumin yake maƙalewa, saboda haka ga mai ƙarancin albumin awon kullum na iya yin yawa ya kayar da hawan jininsa. Kuma ƙarancin albumin alama ce da ke cewa a duba hanta, a duba abinci, domin inda albumin ya ragu sau da yawa furotin na ukun nan ma ya ragu.

Furotin mai narkar da Scoline

Sunansa kolinestares na ruwan jini. Hanta ke yin sa ta zuba a jini. Aikinsa a nan shi ne ya farfasa suksametoniyam, kuma yana yi da sauri mai ban mamaki: daga abin da aka tura a jijiya, kashi 10 zuwa 20 cikin 100 ne kawai ke kaiwa ga tsoka, sauran ya narkar da shi a hanya. Wannan ne sirrin gajartar maganin. Shi ya sa ake son sa a aikin gaggawa, irin mai naƙudar da ta gagara ko wanda taifot ya huda wa hanji, inda ciki ke cike ana tsoron amai ya shiga huhu, ana son a sa bututu nan take.

Idan wannan furotin ya yi ƙaranci, ko kuwa yana nan amma gurgu ne, maganin duka zai isa tsoka ya zauna.

Hanya ta farko da hakan ke faruwa gado ce. Werner Kalow, a birnin Toronto na Kanada, shi ya warware ta a 1957. Kowa yana gadon umarnin ƙera wannan furotin sau biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, yadda ake gadon sikila. Wanda ya gaji gurgu daga ɓangare ɗaya, maganin zai ɗan ƙara masa mintuna, wani lokaci ma ba a lura. Wanda ya gada daga ɓangare biyu shi ne mai shafe sa'o'i. Kalow ya fito da gwajin jini da ake yi da wani magani mai suna dibukayin: mai lafiyayyen furotin yana ba da lamba wajen 80, mai gado ɗaya 40 zuwa 60, mai gado biyu wajen 20. A cikin Turawa kusan mutum 1 cikin 3,000 ne mai gado biyu. Akwai al'ummomin da abin ya fi yawa a cikinsu, kamar 'yan Vysya na kudancin Indiya da mutanen asali na Alaska. Wanda ke da shi ba ya jin komai a rayuwarsa, yana noma yana cin tuwonsa, sai ranar da aka yi masa wannan allura. Auren zumunci, da yake yana haɗa jini ɗaya, yana ƙara yiwuwar gado biyun su haɗu a ɗa guda.

Irin gurgun furotin da Kalow ya gano bai yawaita a baƙar fatar Afirka kamar a Turawa ba. A ganina, mutumin ƙasarmu ta Gumel hanya ta biyu ce ta fi shafarsa, wato abin da rayuwa ta rage masa bayan an haife shi da lafiyayyen furotin.

Ciwon hanta ne kan gaba. Binciken ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na manyan Najeriya suna ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B, kuma da yawansu ba su sani ba. Hantar da ta ƙanƙance ba ta iya ƙera furotin yadda ya kamata. Tamowa ma haka: hanta ba ta da abin da za ta yi ƙira da shi. Yaron da ya yi mako biyu yana zazzaɓin taifot ba ya cin abinci, sannan hanji ya huje aka kawo shi a galabaice, yana cikin waɗanda ake taka-tsantsan da su. Ciwon ƙoda da tsufa su ma suna ragewa.

Mai juna biyu nata yana sauka da kimanin kashi 25 cikin 100, kuma yakan ƙara sauka a kwanakin farko bayan haihuwa. Wannan shi kaɗai ba ya kawo matsala, ƙarin 'yan mintuna ne. Inda ake lura shi ne mai jijjiga. Tana zubar da albumin a fitsari, hantarta na iya taɓuwa, kuma magnesiyam salfet da ake ba ta don tsayar da jijjigar yana ƙara wa magungunan sakin tsoka ƙarfi. Magani ne mai ceton rai, ba a fasa shi don wannan, awon mai sakin tsokar ake ragewa. Shi ya sa takardar da aka rubuto daga ƙaramin asibiti mai cewa an yi mata allura kaza da ƙarfe kaza take da daraja. Kada a bar ta a gida ko a aljihun direba.

Ƙuna mai yawa tana da nata hukuncin. Mai ƙuna yana asarar furotin ta fatar da ta saɓule, kuma bayan kwana ɗaya ko biyu tsokarsa tana canza hali, har Scoline na iya sa sinadarin fotasiyam ya yi tsalle a jini ya tsayar da zuciya. Ga irin waɗanda suka tsira daga gobarar tankar mai ta Majiya, a ƙaramar hukumar Taura, a Oktoban 2024, waɗanda ake shiga da su tiyata sau da yawa don wanke ciwo da dashen fata, wani maganin daban ake zaɓa.

Fiya-fiya da feshi

Nan ne maganar ta shigo gidanmu. Ƙasar Gumel ƙasar wake ce da riɗi da gyaɗa da zoɓo, ƙasar kiwo ce kuma. Ana feshi a gona, ana zuba magani a buhun wake don ƙwari, ana wanke dabbobi da maganin kaska, ana yayyafa fiya-fiya a ɗaki don sauro da kuɗin cizo. Da yawan waɗannan magunguna 'yan gida ɗaya ne da ake kira oganofosfet, kuma yadda suke kashe ƙwaro shi ne su kashe masa kolinestares. Ba sa bambanta na ƙwaro da na mutum. Dikulobos, wanda shi ne ke cikin Sniper da yawancin fiya-fiyar da ake ɗurawa a kwalabe, yana shiga ta fata, ta hanci, ta baki. Saboda yawansa a cikin wake Tarayyar Turai ta dakatar da sayen busasshen waken Najeriya a 2015, kuma a 2019 hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da shi a kasuwanni da kantuna.

Idan ya shiga jiki da yawa alamunsa a fili suke: miyau na dalala, gumi, hawaye, amai da gudawa, ƙwayar ido ta tsuke ta zama kamar ɗigo. Mai irin waɗannan alamu asibiti ake kai shi da gudu, akwai allurar atirofin da ake yi masa. Shan madara ko manja ba ya karya wannan guba. Amma wanda ya fi damun mai sa barci shi ne wanda ya sha kaɗan-kaɗan. Saurayin da ke goya injin feshi yana bin gonakin mutane ana biyansa, ruwan maganin na tsiyaya a gadon bayansa, babu takunkumi babu safar hannu, yana iya yawo garau alhali furotin ɗin nan nasa ya faɗi warwas. Hanta tana ɗaukar makonni kafin ta mayar da abin da aka kashe. Idan a cikin waɗannan makonni hanjinsa ya murɗe ko babur ya kayar da shi, aka yi masa Scoline, maganin minti 5 na iya zama na sa'o'i.

Buhun nan mai leda biyu a ciki da ake kira PICS yana kashe ƙwarin wake ta hanyar hana su iska, ba a zuba masa komai. Mai sayensa yana ganin tsada ne kawai, ba ya lissafa gubar da ya rage wa jininsa.

Hirar da ake yi kafin aiki

Gwajin dibukayin da awon kolinestares ba kowane asibiti ke yin su ba, kuma ko inda ake yi, aikin gaggawa ba ya jiran sakamako. Daga Gumel zuwa Kano, inda Asibitin Koyarwa na Aminu Kano yake, kimanin kilomita 120 ne. Saboda haka abin da mai sa barci ya fi dogara da shi shi ne idonsa da bakin majiyyaci. A yawancin manyan asibitocin ƙananan hukumomi na Arewa, wannan mutum nas ne da ya sami horo na musamman, kodayake kowa Likita yake ce masa. A ce ga shi tsaye a bakin gadon wani dattijo da za a yi wa aikin ciki:

"Sannu Baba, ya ƙarfin jiki? Kwanan nan kun yi feshi, ko kun sa wa hatsi magani?"

"Feshi kuma, Likita? Ni fa ciki ne ke damuna."

"Na sani, Baba. A daure a gaya mini."

"To, makon jiya mun zuba wa wake. Ni na dama da hannuna. Ranar dai na kwana da jiri da tashin zuciya, amma washegari ya lafa."

"Madalla da aka faɗa. Shawara fa, ido ya taɓa yin ɗorawa? A dangi kuma, akwai wanda aka taɓa yi wa aiki ya daɗe bai tashi ba?"

Da wannan amsa ta wake kaɗai, zai iya ajiye Scoline ya ɗauki wani. Atirakuriyam, wanda John Stenlake ya ƙirƙiro a Jami'ar Strathclyde ta Glasgow aka fara amfani da shi a farkon shekarun 1980, ba ya jiran hanta ko ƙoda ko kolinestares, ɗumin jiki da yanayin jini ne ke wargaza shi. Wannan halin nasa ne ya sa dole a ajiye shi a firij, kamar yadda ake ajiye Scoline. A garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40, firij ɗin ɗakin tiyata da wutarsa suna cikin maganin. Wani aikin ma, kamar gwaiwa ko ciro jariri, ana iya yin sa da allurar baya, mutum idonsa biyu yana numfashi da kansa, babu buƙatar mai sakin tsoka sam.

Mutane suna ɓoye abubuwa a wannan hira, kuma ba kullum laifinsu ba ne. Wanda aka taɓa yi wa tsawa don ya ce ya sha sassaƙe, gobe ba zai faɗa ba. Amarya mai cikin fari ba za ta ce tana da ciki a gaban surukarta ba, sai an fitar da kowa an sa mace ta tambaye ta. Ma'aikacin da ya iya tambaya cikin ladabi ya fi samun gaskiya. Majiyyaci kuma ya faɗi duk abin da ya sha, na asibiti, na kemis da na gargajiya.

Idan numfashi ya ƙi dawowa

An gama aiki, an ɗinke, an rufe maganin barci, mutum bai motsa ba. Abu na farko da za a tuna: mai sakin tsoka ba ya sa barci, ba ya kashe zafi. Majiyyaci na iya farkawa yana jin duk abin da ake faɗa, ba ya iya ɗaga ko fatar ido. Mai lura zai ga hawaye na gangarowa, gumi na tsattsafowa, zuciya na gudu. Don haka ake mayar da shi barci, a ci gaba da ba shi iska ta bututu, da na'ura in akwai, in babu da jakar roba da ake matsawa da hannu, ma'aikata na karɓar juna.

Akwai 'yar na'ura da ake liƙawa a wuyan hannu, ta ba jijiya ɗan fizgar lantarki sau huɗu a jere, a ƙirga sau nawa babban yatsa ya motsa da kuma ƙarfin motsin. Hassan Ali da abokan aikinsa suka tsara wannan awo a Liverpool a 1970. Inda babu ita, ana cewa majiyyaci ya ɗaga kai daga matashi ya riƙe daƙiƙa 5, ko ya damƙe hannun nas da ƙarfi, kodayake wannan bai kai na'urar tabbaci ba. Masu daɗewar nan suna da makari, niyostigmin, wasunsu kuma suna da wani mai tsada, sugamadeks, da aka fara amfani da shi a Turai a 2008. Scoline ba shi da makari irin wannan, niyostigmin ma na iya ƙara masa tsawo. Jira ake yi, jiki ya fitar da shi a hankali. Wanda aka riƙe wa numfashi da kyau yana tashi lafiya, ba tare da wata illa ba.

'Yan'uwa da ke waje su sani jinkirin nan ba ya nufin aiki ya ɓaci, kuma matsa wa ma'aikata a fito da mutum da wuri ba gata ba ne. Bayan an sallame shi, a nemi a rubuta sunan maganin da abin da ya faru a takarda, a adana ta tare da katin asibiti, a nuna ta duk ranar da za a sake yi masa aiki ko da bayan shekara 20 ne. A kuma gaya wa waɗanda suke uwa ɗaya uba ɗaya da shi, domin in gado ne daga ɓangare biyu, kowannensu yana da yiwuwar 1 cikin 4 ta kasancewa kamarsa.

Aikin aji

1. An kawo wata mata daga wani ƙauye na Maigatari tana jijjiga, an yi mata allura a ƙaramin asibiti kafin a taso. Wane bayani ya kamata masu rakiya su kai wa mai sa barci, kuma me ya sa?

2. Mutum mai kumburin ciki saboda ciwon hanta yakan buƙaci ƙarin magani a farkon aiki, sannan ya makara wajen tashi. Ku bayyana yadda abu biyun suke haɗuwa a jiki ɗaya.

3. Kowa ya duba kwalabe da ledojin maganin ƙwari da ke gidansa ko shagon unguwarsu, ya kwafo sunan sinadarin da aka rubuta a jiki, ba sunan kamfani ba. Kada a buɗe kwalbar, a kuma wanke hannu da sabulu bayan an taɓa ta. Za mu ware waɗanda suke oganofosfet a allo a zama na gaba.